Turancin Malam Elias

…ya sake turewa. To, ture, Malam. Ture. Ai hannun hagun da sauran ƙarfi, ga miya nan ta malale a tabarma.

Tuwon masara ne fa. Miyar karkashi, wadda kake so, wadda na tsaya a kanta cikin wannan rana da bayana mai ciwo. Me ke ciki? Gishiri, daddawa, ɗan busasshen kifi. Sai hannuna.

“Kontaminetad.”

Ga ta nan kuma. Kalma doguwa kamar igiyar guga. Bakin da ya kasa cewa Roda, sunan matarsa, shi ke jawo ta daga farko har ƙarshe ba ta tsinke ba.

Likita ya ce haka shanyewar ɓarin jiki take yi wa wasu, ta kwashe wani yare ta bar wani. To don me ba ta kwashe Turancin ba? Hausar da ka yi zance da ni da ita, yaren garinmu da kake zagin awaki da shi — duk sun tafi, na aji ne kawai ya rage. Ka ƙare ƙuruciyarka kana ɗura wa ’ya’yan mutane shi a firamare, yanzu ka zo ka juye wa wadda ko aji uku ba ta gama ba.

Na koya fa. Kada ka ce ban koya ba. ’Yarmu Cecilia ce ta zaunar da ni a barandar asibiti, tsofai-tsofai da ni. Idan ka taɓa maƙogwaro ka ce jam, abu ya cije ke nan, irin yadda keken ɗinkina yake yi idan zare ya taru a ƙasa. Magana ta zo ta ƙi wucewa. Sitok na ƙafa ne, ta maƙale ta ƙi ɗaguwa. Tangul kuwa na kai ne — ka dafa goshi kana juya yatsa, tunani ya cukurkuɗe, ba kai ba gindi. Bulok… wannan ko ba Cecilia na gane shi, ciki ne ya ɗaure, na jiƙa maka tsamiya.

Doguwar kalmar nan ce Cecilia ta ƙi fassara min. Wai Mama ki bar shi, ciwo ne. Na ce ni na haife ki, faɗi. Ta sunkuyar da kai. Gurɓatacce. Abin da wani abu ya shiga cikinsa ya ɓata shi, ba ya ciwuwa.

Wani abu ya shiga. To wa ya sa?

A asibiti ka ci. Idan Cecilia ta zo daga barikin Shadawanka da kularta, ta zuba maka a faranti, ta ba ka da cokali, haɗiya kake yi ba musu. Nawa ne dai… Matan zumuntar coci sun gani. Liatu ta cikinsu ta gani, bakin Liatu kuwa ba shi da murfi. Ran Lahadi na shiga coci, benci ya yi min faɗi. Ba wadda ta ce barbaɗe, a’a, su wa? Sun dai roƙi Allah ya tona abin da ke ɓoye, suka ja amin ɗin har sai da na ji shi a ƙashin bayana.

Ni. Ni da na wanke ka, na juya ka, na kwashe abin da ba a faɗa.

Na gaji, Malam. Wallahi na gaji, kuma na ji haushinka, bari in faɗa tunda ba ka iya ramawa. Ko kana ji? Ban ma sani ba ko Hausa tana shiga kunnen nan, ko ita ma ta yi jam a hanya.

Kai ne fa ka kawo wannan tsari. Ina amarya, na kai maka abinci ɗaki zan koma bakin murhu, ka ce zauna. A gidanka kwano ɗaya za a ci. Mahaifiyarka ta riƙe baki. Duk Yelwa aka yi ta mana dariya, wai Malam Elias da matarsa sun zama Turawa. Ni kunya, ina tsakura kamar baƙuwa, kai kana turo min nama ɓangarena da ɗan yatsa kana kallon wani wajen… Shi ya sa da aka sallamo ka na ɗauko kwanonmu. Faranti na baƙo ne. Ba zan mayar da kai baƙo ba don bakinka ya karkace.

Yau za su zo da mota, Cecilia da mijinta, su tafi da kai gidansu. Wai ɗan kwana biyu ne Mama, har ya murmure. Na san irin wannan kwana biyun. Kuma da wane baki zan ce a’a? Ƙasusuwan wuyanka sun fito, wandon da na ɗinka maka bara yanzu mutum biyu za su shiga. Idan ka zauna, yunwa. Idan ka tafi, unguwa ta samu amsarta.

Kawo kwanon. Bari in sake gwadawa, ko na ƙarshe ne.

Duba ni. Duba, daga ɓangarenka ma zan gutsura. Kullum haka nake yi, in ci a gabanka ka ga ban mutu ba, kullum sai ka ƙara birkicewa, kana bugun tabarma — me kake so in yi kuma? In rantse da Littafi?

Sake ni. Malam, hannuna, da zafi…

Ba ni yake kallo ba. Kwanon yake kallo.

Yawu. Daga gefen bakin da ya saki, siriri, yana dalala bai san ya fito ba… ya sauka cikin miyar. A’a. Ya sani. Idonsa ya bi shi har ƙasa.

“Kontaminetad.”

Ya sake ni. Ya ɗaga hannun, a hankali, ya ɗora a bakinsa. Bakinsa shi.

Wayyo Elias.

Gefe kake turawa. Duk kwanakin nan gefe kake turawa, nesa da ni, ni kuwa ina jawowa ina cusa hannu. Mutumin da ko hankici ba ya sa wa aljihu sai an goge… kana zaune da yunwa don kada in ci yawunka? Ni da na sha ragowar ruwanka tun ba mu da furfura?

To yaya ake cewa ba komai da Turanci? Yaya ake cewa naka ne, ba ya ɓata min? Cecilia ba ta koya min ba. Na lalacewa kawai ta koya min, na cijewa da harɗewa, su kaɗai kake faɗa.

Hon ɗin mota a ƙofar gida. Har sun iso?

Yana kuka, ɓari ɗaya na fuskar kawai. Ga loma a hannuna, da miyar a jikinta. In kai baki, ya sake birkicewa. In ajiye, ya ce gaskiyarsa ce…

Ana buga ƙofa. Tuwon yana hucewa a hannuna.