Kwalabe Biyu a Gindin Kaɗanya

Kaɗanyar ta girmi gidan. Tun unguwar tana daji take tsaye, da aka zo sare itatuwa don gini mahaifin su Fulera ya ce a bar masa ita. Yanzu ita kaɗai ta rage a layinsu a Salaga, kuma a gindinta Fulera take soya doya tun da mijinta ya rasu ta dawo daga Bawku. Ɗaki ɗaya aka ba ta. Ragowar gidan yana hannun ƙaninta Sualihu, mai fataucin masara, mutumin kirki ne amma fa akwai saurin yanke hukunci, kafin ka kai rabin labari ya riga ya san ƙarshensa. Fulera ba ta da ƙorafi. Ga inuwa, ga masu ciniki, ga wurin miƙe ƙafa, kuma abin ya ishe ta.

Da damina ta zauna, Sualihu ya buɗe sito wata safiya ya ga ƙananan asu suna tashi daga buhunan da ya sayo a Yendi. Ya damƙi masara, gari ya zubo masa a hannu. Ya fito ransa a ɓace, ya ɗaga kai, sai ga ganyen kaɗanya a nannaɗe, tsutsotsi a ciki. Shi ke nan, an kama ɓarawo.

"Yaya, itacen nan ne ke haifo min su," in ji shi. "Na yi magana da Idirisu mai injin yankan itace. Asabar ta sama zai zo."

Fulera ba ta da ikon hanawa, kuma ta san gardama da Sualihu ɓata yawu ne.

"Ba iri ɗaya ba ne, Sualihu."

"Asu ai asu ne, Yaya."

"To, ka ba ni zuwa Asabar ɗin."

Tun tana yarinya, in an je tsintar ƙwarar kaɗe, ita ce mai tsayawa tana ware ganye tana leƙe har a yi mata faɗa. Yau abin ya yi rana. Ta samo kwalabe biyu masu faɗin baki. A ɗaya ta zuba masarar sito, a ɗayar ta sa ganye mai tsutsa guda, ta ɗaure bakinsu da ƙyalle ta jera a kan bencinta.

Masu ciniki suka samu abin dariya. Wata Mudassira mai sayar da koko ta dinga shela da irin Hausarsu ta Salaga: "Mma Fulera ya fara kiwo! Akuya babu, sai tsutsa!" Fulera ma ta yi dariya. Amma duk wanda ya tsaya sai ta juya masa bayan ganye ta nuna masa ƙwayayen da uwar asu ta saka, ƙanana kamar garin gero, ta gaya masa daga nan tsutsa take fitowa, ta ci ganye, ta naɗe shi da zaren bakinta ya zama ɗakinta.

Kullum da safe takan canja ganye. Rana ta huɗu tsutsar ta daina ci, ta takure, washegari ta koma wani ɗan abu mai ɓawo, launin ƙasa, ko motsi ba ya yi.

"Ta mutu," in ji Sualihu.

"Tana ciki, tana canja kama."

A kwalbar masara kuwa ba a wani jima ba. Asu huɗu suka bayyana, sirara, launin tattaka, ga ƙwayoyin masarar da 'yan ramuka zagayayyu inda suka huda suka fito. Fulera ta nuna masa cewa a cikin ƙwayar suka girma, da su aka ɗinke buhun tun daga Yendi. Sualihu ya taɓe baki ya ce sai ya ga na ganyen, in kamarsu ɗaya, itace zai kwanta. Duk da haka daga ranar, in ya dawo sallar asuba sai an gan shi wajen bencin, wai makullin sito yake nema.

Asabar ta zo, abin nan bai fashe ba. Idirisu ya iso da injinsa a ɗaure bayan babur. Fulera ko wuta ba ta hura ba, ta zauna hannu a cinya, tsoro ya cika ta. Sualihu ya dubi itacen, ya dubi kwalbar, ya yi ta sosa ƙeya.

"Idirisu, ka dawo jibi."

Lahadi da sassafe muryarsa ce ta fito da ita daga ɗaki. "Yaya! Yaya, ya fito!" Babban mutum da gemunsa, ya durƙusa gaban benci. Asun yana manne a ƙyallen, fikafikansa sun gama bushewa. Ya fi na masara faɗi, launin ɓawon itace, da layi mai duhu a gicciye. Sualihu ya kanga kwalaben biyu da juna ya daɗe yana kallo. Fulera ta jefa wa sabon asun 'yan ƙwayoyin masara, ya yi banza da su har yamma. Da ta kwance ƙyallen ya tashi ya shige cikin ganye.

Sualihu bai ce ya yi kuskure ba. Ba a taɓa ji daga bakinsa ba, ba kuma ranar za a fara ba. Ya dai sa aka fitar da buhunan aka shanya masarar a rana.

Litinin Idirisu ya dawo, ya sauke inji, ya kama igiyar tayarwa.

"Alhaji, in tada?"

"Ni kake tambaya?" in ji Sualihu. "Ga mai itacen nan a zaune."

Fulera ta waiga ta ga ko da wani a bayanta. Babu kowa. Shekara shida ke nan da dawowarta, ba a taɓa kiran wani abu nata a gidan nan ba. Daɗi ya kama ta.

"A bar ta," in ji Fulera.

Idirisu ya mayar da injinsa kan babur.