Allon Bauchi Ba Ya Amsawa

"Yaya, don Allah kada ka cire wannan wayar," in ji Fakhruddeen daga kan katifa. Muryarsa ta dushe ƙwarai, sai da na sunkuya sannan na ji.

Bashir, wansa, bai ko waiwayo ba. Ya durƙusa gaban batirin sola yana kwance wayoyinsa. "Baƙi suna zaure suna zufa," ya ce. "Alhazai ne, sun rufe shagunansu sun zo duba ka. Kai kuma kana kwance kana gadin tarkace."

Ni maƙwabcinsu ne a unguwar Gwallaga, cikin garin Bauchi, katanga ce kawai tsakaninmu. Na yi aikin akawu a sakatariya har na yi ritaya, saboda haka unguwa ta yanke cewa ni ne zan fahimci sana'ar Fakhruddeen. Ga iyakar abin da na fahimta. A cikin injin ban ruwa, da mitar wuta, da wasu na'urorin asibiti, akwai ɗan allo kore wanda shi ne ƙwaƙwalwar injin. Idan ta rikice, akwai manhajar da injiniya ke amfani da ita daga nesa, ya tsayar da allon, ya leƙa cikinsa, ya bi shi sannu a hankali har ya ga inda ya kauce. Fakhruddeen ne ke kula da manhajar, kyauta, tare da mutanen da bai taɓa ganin fuskokinsu ba. Ƙa'idarsu ita ce, ba a karɓar gyara sai an gwada shi a kan allo na gaske. Tsofaffin allunan kuwa, waɗanda aka daina ƙerawa amma suna nan suna aiki a ƙauyuka, a teburinsa kaɗai suka rage a kunne domin gwaji.

Unguwa ta taƙaita wannan bayani duka da cewa ɗan yahu ne, wato mai damfarar mutane ta intanet.

Ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa a bazarar nan, likitoci suka sallamo shi gida da irin ladabin da kowa ya san ma'anarsa.

"Baba Akawu, ka yi masa magana," ya ce da ni. "Gyarana na ƙarshe ake gwadawa. Ranar Asabar Liatu, abokiyar aikina, za ta zo daga Jos ta kwashe allunan. In gwajin ya kammala, na miƙa mata aikin babu saura."

Na yi maganar, cikin tsari da hujja, kamar yadda na saba yi wa manyan sakatarori, kuma na sami irin sakamakon da na saba samu.

"Haba Baba, da girmanka?" in ji Bashir. "Waɗannan abubuwan ne suka tsotse shi. Duk shekarun nan, ko keke bai ajiye ba."

Ya fizge wayar. 'Yan fitilu kore da ke ƙiftawa a teburin suka mutu gaba ɗaya. Ya rungumi batirin ya fita. Jim kaɗan muka ji fanka ta tashi a zaure, wani Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu muka ji daidai." Ɗakin majinyacin babu fanka. Na ɗauki kwali ina yi masa fifita, shi kuwa ya juya fuskarsa ga bango.

Ya rasu ranar Alhamis bayan la'asar. Da za a yi masa wanka aka ga ɗakin ya yi ƙunci, sai Bashir ya share teburin da hannu ɗaya, allunan suka zube cikin buhu. Jana'iza ta yi jama'a. Waɗanda suka laƙaba masa sunan ɗan yahu su ne a sahun gaba, suna shaidar cewa ba shi da abokin faɗa.

Liatu ta iso ranar Asabar da akwati mai soso a ciki. A ƙofar gida ta ji labari. Ta yi ta'aziyya, ta share hawaye, sannan ta tambayi allunan.

"Au, ke ce mai turo masa aiki yana kwance?" in ji Bashir. "Ɗan gwangwan mai sayen tarkace ya riga ki tun jiya. Har ƙorafi ya yi wai ba su da nauyi."

Ta hau keke mai ƙafa uku ta zagaya wuraren 'yan gwangwan har yamma, ba ta samu ko allo ɗaya ba. Na ga wucewarta zuwa tasha, akwatin a kan cinyarta, tana riƙe da shi da yatsu biyu.

Wayar salular marigayin ta faɗa rabon Bashir. Bayan sadakar bakwai ya kawo mini ita, wai saƙonnin Turanci sun dame shi. Na sa tabarau na karanta masa na farko. Wani ne daga wata ƙasa mai nisa yake cewa mai kula da manhajar nan malalaci ne, in ba zai iya ba ya sauka ya ba wasu wuri.

"Ka ji ko?" Bashir ya yi dariya. "Har can sun san hali."

Sauran saƙonnin ba mutum ne ya rubuta su ba, na'urar da ke gwada allunan daga nesa ce ke aiko su kowace safiya, kalmominsu ba sa canzawa. Ina riƙe da wayar sai wani saƙon ya sake shigowa, ta yi ɗan motsi a tafin hannuna. Allon Bauchi ba ya amsawa, in ji saƙon; za a sake gwadawa gobe.