Taƙi Ɗaya Zuwa Dama

Duk Ƙofar Nassarawa an san Malam Nata'ala da abu guda: ƙarfe bai taɓa shiga zaurensa da ciwo ya fita da shi ba. Shekara talatin ya yi yana gyaran makamai a aikin gwamnati, da ya yi ritaya ya koma gyaran keken ɗinki da bindigogin maharba masu lasisi. Mutum ne mai ji da hannunsa, kai har abin ya so ya yi yawa. In ka ce masa abu ba zai gyaru ba, to ka hana shi cin tuwo ke nan.

Wata Laraba da hantsi, ana yayyafi, Fa'izu ya yi sallama ɗauke da dogon abu naɗe a tsohon bargo. Tun bai warware ba Nata'ala ya gane ta. Bindigar Hammadu ce, amininsa, mahaifin Fa'izu, wanda ɓarayin shanu suka kashe bara a rugarsu da ke kudu da gari. Irin mai sakata ce, wato ƙarfen nan da ake ɗagawa a ja baya a tura harsashi. In babu shi, bindiga sanda ce kawai.

"Baba, kaucewa take yi," in ji Fa'izu. Ya miƙo wani kwali mai huda uku a jere. "Tsakiya na auna, duk suka tafi dama. Taƙi guda cur."

Nata'ala ya ɗora hannu ya gwada. Daga babban yatsa zuwa na tsakiya, taƙi ɗaya ne ba ƙari.

"Me za ka harba?"

"Gyado ne ya dame mu a gona."

"Daga nisan me ka gwada?"

"Taku tamanin da biyu."

Tsohon ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. "Da biyu? Wane gyado ne ya yi maka alkawarin zai tsaya a taku tamanin da biyu?"

Fa'izu bai yi dariya ba. Don ya sauya zance, Nata'ala ya tambayi lafiyar Gwaggo Dije, ƙanwar Hammadu, wadda ta raini Fa'izu a unguwar Soron Ɗinki tun mahaifiyarsa ta rasu, ta haɗa shi kwano ɗaya da ɗanta Mikail. Mikail ɗin ne yanzu yake kula da ragowar shanun. Sannan ya yi masa jaje, don ya ji a masallaci cewa Juma'ar da ta wuce wani ya harbi Mikail daga cikin dawa yana alwala a gindin tsamiya, Allah ya sa buta ce ta fashe.

"Allah ya kiyaye gaba," in ji Nata'ala.

Fa'izu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Gobe bayan La'asar zan zo in karɓa. Jibi zan tafi ruga."

Sai da ya fita tsohon ya lura cewa yaron bai ce amin ba.

To amma aiki aiki ne. Ya shimfiɗa tsumma ya fara daga inda kowane mai hankali yake farawa. Ya taɓa kusoshin da suka riƙe ƙarfe da ƙota, wato katakon bindigar, ya same su tamau. Ya girgiza saitin gaba da na baya, ko motsi. Ya zare sakata ya ɗaga bututun wajen haske ya leƙa, sumul, don Hammadu ya fi kula da bindigar nan a kan haƙoransa. Ya shafa bakinta da yatsa ko ta taɓa faɗuwa ta lotse, babu. Ya juya ragowar harsashin da aka kawo masa, duk iri ɗaya ne, ba tsatsa.

Abin ya fara ba shi haushi. Azahar ta yi, matarsa Uwani ta aiko da dambu, ya huce a inda aka ajiye shi.

Saura abu ɗaya. Damina ce, katako yakan sha danshi ya kumbura ya tokare bututu. Ya yago takarda ya zura tsakanin ƙarfe da katako yana ja a hankali. Ta tafi, ta tafi, sai ta cije a gefen hagu. Ya ce, "Yawwa, ga ɓarawon." Ya kwance kusoshi ya raba ƙarfe da ƙota, yana shirin ya kankare katako.

Wani ɗan abu ya faɗo kan tsumma.

Laya ce, ba ta kai ɗan yatsa ba, an naɗe ta da baƙin zare, an cusa ta can ciki da tsinke har ta daskare. Ita ce take ture bututun. Wanda ya sa ta bai san komai game da saiti ba, wurin ɓoyo kawai ya nema. Nata'ala ya juya ta a tafin hannunsa. Ba ɗabi'arsa ba ce buɗe layar mutane, amma Hammadu bai taɓa sa wa bindigarsa laya ba, ya sani sarai. Ya sa reza ya yanke zaren.

Ba rubutun malami ba ne. Ajami ne karkatacce, na wadda ta bar allo tun tana yarinya. Layi biyu: *Ya Allah ka tsare Mikail daga Fa'izu. Ka tsare Fa'izu daga wuta.*

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya tuna raɗe-raɗin da aka yi bayan rasuwar Hammadu, wai wani na gida ne ya nuna wa ɓarayi hanya, maganar da ba wanda ya taɓa kawo mata shaida. Ya tuna mai alwala yakan ajiye buta a gefensa, kamar taƙi guda daga jikinsa. Ashe ba a jikin kwali Fa'izu ya fara gane bindigar tana kaucewa ba.

Ga ta nan a gabansa, ta riga ta gyaru. Mayar da kusoshi biyu kawai ya rage, ta koma harbi daidai kamar zamanin Hammadu. Da hannunsa ya cire abin da ya hana jini zuba.

Ya yi tunanin ya mayar da layar ya ce ta gagara. Sai ya ga wautar hakan, don wanda ya san bindigarsa tana zuwa dama da taƙi, ai sai ya auna hagu da taƙi. Ya yi tunanin ya kai ƙara, ya hango Gwaggo Dije tana bin ɗan da ta raina zuwa kotu saboda ɗan da ta haifa. Ya ɗauki waya ya kira Mikail sau huɗu, ba ta shiga, ruga ba sabis. Ranar nan keken ɗinki biyu aka kawo masa, ko kallonsu bai yi ba.

Washegari ana sallame La'asar sai ga Fa'izu, da bargonsa a kafaɗa. Bindigar tana jingine a bango, an haɗa ta, an goge ta tana ƙyalli.

"An samo matsalar, Baba?"

"An samo. Zauna."

"Sauri nake."

"Na ce zauna."

Ya tsuguna. Nata'ala ya miƙa masa 'yar takardar. Fa'izu ya karanta, ya sake karantawa, leɓensa yana motsi. Ya san hannun, don da shi aka fara koya masa baƙi.

"Gwaggo ta sani," ya faɗa a hankali.

"Ta sani. Kuma da kai ta ci gaba da raba tuwo."

"Mikail ne ya sayar da mahaifina." Ya dunƙule takardar. "Kowa ya sani."

"Wa ya gani?"

Fa'izu ya miƙa hannu ya jawo bindigar, yatsunsa suka tafi inda suka saba, suka tarar da rami. Ya juya ta.

"Ina sakatar?"

Nata'ala ya zaro ta daga aljihun rigarsa. Ya miƙe da ƙyar, ya bi ta ƙofar ciki zuwa tsakar gida, Fa'izu yana biye da shi da ido. Ya ɗaga murfin rijiyar da kakansa ya haƙa, mai gaba goma sha huɗu. Ya dubi sakatar, ƙarfe ne mai kyau, irin wanda ba a yi yanzu, kuma wallahi zuciyarsa ta yi zafi. Ya buɗe hannu. An ɗan jima kafin su ji ƙarar ruwa.

Da ya dawo zaure, Fa'izu yana tsaye, idonsa ya kaɗa.

"Ba ita kaɗai ce bindiga a duniya ba, Baba."

"Na sani. Ita ce dai ta biyo ta hannuna. Kuma gobe in Allah ya kai mu, motar da za ta kai ka ruga da ni za ta tafi. In za ka yi, sai dai ka yi a gabana."

Fa'izu ya jingine bindigar, ya bar bargon a ƙasa, ya fita ba sallama, takardar tana dunƙule a hannunsa. Nata'ala ya leƙa daga bakin zaure. A ƙarshen lungun hanya ta rabu biyu, ɗaya ta fita titi wajen motoci, ɗaya ta shige cikin gari. Yaron ya tsaya a nan, yayyafi yana sauka a kansa, har wani mai kurar ruwa ya ce ya ba shi hanya. Sannan ya bi ta Soron Ɗinki. Abin da zai faɗa wa Gwaggo, da abin da gobe za ta zo da shi, Allah kaɗai ya sani.

Telan da ke maƙwabtaka ya leƙo, ya ga bindiga a jingine.

"Malam, an gyara ta ke nan?"

Nata'ala ya zauna a kan buzunsa.

"Ta gagare ni," ya ce. "Ka faɗa wa duk wanda ya tambaya."