Awon Jinin Tsinkau

Rodin ya fara sirancewa a tsakiya ke nan sai abin da likita ya ɗaura wa Tsinkau a damtse ya kumbura, ya matse shi. Ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na kan allurar injin da ke jan ƙarfen sama da ƙasa. Can rodin ya ce tau, ya rabu biyu. Tsinkau ya ɗauki guntayen, ya duba bakin tsinkewar, ya yi murmushi.

Aikinsa ke nan tun yana da baƙin gashi. 'Yan kwangila su kawo rodi, shi kuma ya ja shi har ya tsinke, a san iya nauyin da zai ɗauka kafin a sa shi a gini. A nan ya samo sunan, kuma ba ya jin haushinsa. Kowa na tsoron ƙarar nan, shi kuwa ita ce ke sa shi cin abinci da daɗi.

Matsalar ita ce hawan jini. Uwargidansa ta rantse injin ne ke tayar masa da shi. An daɗe ana yi masa tayin kujera a ofishin sama, wurin sa hannu da shan iska, yana ƙi. Da gardama ta yi tsawo, likita ya ɗaura masa na'urar da za ta riƙa auna jininsa da kanta yini da kwana.

"Malam, mu yi alkawari," in ji uwargida. "In abin ya nuna aikin ne, ka hau sama."

"In kuma ya nuna ba shi ba ne, ki sakar min mara."

Ya amince ne don ya san kansa. Duk sanda abin ya matse shi a ɗakin gwaji, zuciyarsa kwance take kamar tsumma a randa.

Da yamma, tun ba a tashi daga aiki ba, sai ga 'yarsa Auta a bakin ƙofa tana kaɗa makullin mota. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar tuƙi, ta biyun har da kukan da ya hana ta fita kwana da kwanaki. Yau ga lasisi a hannunta.

"Baba, kai zan fara ɗauka. Ko Mama ban gaya wa ba."

Ya ji daɗi har cikin ransa. Ya kashe inji, ya bi ta.

Daɗin bai kai shataletalen farko ba. Auta na tuƙi tana ba shi labari, kuma ita ba ta iya labari sai ta kalli mutum. Ta gogi inuwar wata tirela. Ta tsallake rami ɗaya ta faɗa biyu. Tsinkau ya yi ta taka birkin da babu shi a gefensa, abin damtse kuwa ya zaɓi daidai lokacin ya kumbura.

"Ya ka gani, Baba?"

"Hannunki ya faɗa," ya ce, yana karanto duk addu'ar da ya sani a zuci.

Washegari su uku suka je asibiti, amma ya nace a hau tasi, wai babu wurin ajiye mota. Likita ya haɗa na'urar da kwamfuta, ya juyo musu da fuskarta. Wani layi ne ya miƙe lafiya lau tun safe, sai can wajen ƙarshe ya yi tsalle kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Yinin nan duk ba laifi," in ji likita. "Amma jiya da yamma fa? Me kake yi a nan? Wannan ko ni ya ba ni tsoro."

Tsinkau ya buɗe baki. Ga gaskiya a kan harshensa, kalma kaɗan ce, kuma da ita zai ci gardama, ya riƙe injinsa har ritaya. Sai ya waiga. Auta na zaune a bakin gadon gwaji, ta fito da lasisin tana goge shi da gefen mayafi, ba ta ma san me ake ciki ba. Ya tuna kwanakin da ta rufe kanta a ɗaki. Tausayinta ya kama shi.

"Wani rodi ne mai kauri," ya ce. "Ya ƙi tsinkewa."

Uwargida ta gyara zama. Murmushin da ta yi ya fi guɗa ƙara.

"To, ka rage irin wannan," in ji likita.

A bakin asibiti ya tsaya yana kallon titi. Zai yi kewar injin nan, ya sani, kuma abin ya yi masa ciwo. Uwargida ta ce gobe za ta goge masa manyan kaya, tunda yanzu mutumin ofis ne.

"Baba," in ji Auta, "'yan ofishin sama ai lokaci ɗaya muke tashi daga aiki da su, ko? Shi ke nan, ka huta da tasi. Kullum ni zan kai ka, ni zan ɗauko ka."

"Allah ya yi miki albarka," in ji uwargida. "Ka ga sai jinin ya sauka gaba ɗaya."

Tsinkau ya dubi ɗaya, ya dubi ɗaya.

"Amin," ya ce. "Amma a baya zan riƙa zama."