Marigayi Kalilu Mai Garaya

Kalilu Mai Garaya ya fi shekara arba'in yana kiɗa a ƙasar Daura. Tun yana saurayi a Dutsi yake bin masu gayya gona, yana kaɗa musu suna huɗa har rana ta take. Daga nan ya shiga bukukuwa, ya shiga rediyo, kaset ɗinsa ya cika shagunan Mai'adua. Yana da wani salo nasa: yakan danne tsirkiya da babban yatsa ya sake ta a hankali, sai ka ji garayar kamar tana ajiyar zuciya. Makaɗa da yawa sun ɗauki salon, wasunsu ko ganinsa ba su taɓa yi ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, kira ya yi ta raguwa. Ba wanda ya zo ya hana shi. Masu biki ne suka koma walima, 'yan amshinsa kuma suka watse, wani ya kama acaɓa, Mainasara babban amininsa ya riga mu gidan gaskiya. Kalilu bai ja da kowa ba. Ya rataye garaya, ya koma kiwon raguna.

Wata ranar kasuwa ya kai rago Kongolam, neman ciniki ya ja shi har ya tsallaka ɓangaren Nijar. Yana wucewa ta rumfar mai shayi sai ya tsaya cak. Waƙarsa ce ta noman gero ake kaɗawa, wadda suka yi da Mainasara shekarar da ruwa ya dawo bayan fari. Mai kiɗan wani magidanci ne, Sagir, direbobi sun kewaye shi.

Da ya kai aya, Kalilu ya ce, "Malam, waƙar wa ke nan?"

"Ta marigayi Kalilu na Dutsi ce, Baba."

"Allah sarki. Yaushe ya rasu?"

"Ai an jima. Tun da aka daina jin ɗuriyarsa muka san ta Allah ta kasance."

Kalilu ya ɗaure ragon a jikin rumfa, ya ce, "Ara mini garayar in gani."

Yatsun sun yi tauri. Karon farko ya kuskure, wani direba ya yi dariya. Ya murza hannu, ya sake ɗauka, ya danne tsirkiyar ya sake ta. Sagir ya zuba masa ido, can ya dafe kai.

"Baba, don girman Allah, kai ne?"

"Haka suke faɗi a gida."

Har la'asar bai tashi ba. Direbobi na kiran tsofaffin waƙoƙi, wasu shi kansa ya manta da su, sai an tuna masa farkon. Inda Mainasara ya saba karɓa, Sagir ya karɓa, muryar ba iri ɗaya ba ce, amma Kalilu ya sunkuyar da kai ya ci gaba.

Ya dawo gida da ragonsa. Matarsa Barakatu ta ce, "Malam, ba a taya ba ne?"

"Ban ma kai shi kasuwar kara ba. Amma na samo labari, ashe na mutu."

"To, Allah ya jiƙanka. Ga tuwo nan."

Bai koma bukukuwa ba. Sai dai tun daga ranar, duk bayan girbi Sagir kan zo Dutsi a babur ya kwana biyu, su zauna a zaure, Kalilu na koya masa waƙoƙin da ba su taɓa shiga kaset ba.