Ƙudan Zuman Musyu Firmin

"Ya hajj Hassumi! Yalla, sauko, mutumin nan ya daina jin Larabci!"

Tasneem ce, matar Musyu Firmin, tsohon Bafaranshen da ke hawan ƙasa a benensu na unguwar Faisal, a Masar. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da Larabcinsa, ya bar masa Faransanci. Duk benen kuwa Hassumi ne kaɗai ke jin Faransanci, mutumin Maraɗi mai safarar takalma.

Hassumi ya sauko, ya ja kujera bakin gadon tsohon. Dama ya daɗe yana son jin asalin Baturen da ya bar Zamalek, unguwar masu kuɗi, ya zo ya tare cikin talakawa.

"Musyu, wai ina ne garinku?"

"Valmerac," in ji tsohon, bakinsa a karkace.

Ɗan ƙaramin gari ne tsakanin duwatsu, gadarsa ɗaya. A da tumaki sun fi mutane yawa, ana saƙar ulu a bakin rafi. Yaƙi ya zo ya kwashe maza, aka sassaƙa sunayensu jikin dutse a tsakiyar kasuwa. Daga baya masaƙa ta rufe, jirgin ƙasa ya daina tsayawa, makaranta ta koma ma'ajiyar dankali.

"To yanzu me ya saura?"

"Tsofaffi, da taurin kai, da ƙudan zuma." Ya kama hannun rigar Hassumi. "A garinmu in maigida ya mutu, sai an je an gaya wa ƙudansa, a ɗaura baƙin ƙyalle a jikin amya. In aka ɓoye musu, fushi suke yi su tashi. Ina da amya a saman bene. Tasneem tsoronsu take. Kai za ka gaya musu."

"Haba Musyu! Da wane yare? Ƙudan Masar ne fa."

"Sun saba da nawa."

Hassumi ya yi dariya, amma tsohon bai saki rigar ba sai da ya ce ya yi alkawari.

Da hantsin Laraba Musyu Firmin ya cika.

Hassumi ya san in ya tambayi ɗalibai 'yan Kano da ke hawa na uku hukuncin wannan alkawari, sai sun buɗe masa littattafai har la'asar, ƙarshenta su ce bidi'a ce. Sai ya ƙi tambaya. Ya gaya wa Tasneem abin da mijinta ya roƙa. Ta shiga ɗaki ta fito da baƙin mayafi.

Amyar tana can bayan tankin ruwa, kusa da igiyar shanya. Ya yi bismilla, ya ɗaura mayafin, ya ƙwanƙwasa a hankali kamar mai sallama a gidan surukai.

"Maigidanku ya rasu," ya ce da Faransanci. Ya sake faɗa da Hausa, don ransa ya kwanta.

Ya tsuguna ya ga ko za su tashi. A ƙasa motoci na ta hon. Ƙuda ɗaya ya sauka a bayan hannunsa, yana tattaki tsakanin jijiyoyi. Hassumi ya bar hannun yadda yake.