Ruwan da Mangwaro Ya Tare

Shekara talatin da ɗaya Mai Awo ya yi yana auna ruwan sama a gonar gwaji ta ma'aikatar noma, kuma ko sau ɗaya bai taɓa makara ba. Ƙarfe bakwai na safe zai fito daga gidan ma'aikata da ke bayan ofis, ya buɗe ƙofar wayar da ta kewaye ma'aunin, ya cire mazurari, ya juye ruwan kwalba cikin gilashi mai zane-zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, sannan ya rubuta. In ba a yi ruwa ba ma sai ya je ya leƙa, ya rubuta sifiri. Littafi ɗaya kowace shekara, talatin da ɗaya ke nan jere a kabad, kowanne an yi masa bango da takardar siminti.

Abokan aiki suka laƙaba masa Mai Awo, suna tsokanarsa wai nawa yake sayar da mudun ruwa. Ko a jikinsa. Yana da abin da ya fi ƙarfin tsokanarsu: wata Dakta daga hedikwata ta ɗauki lambobinsa ta yi nazari, ta gano cewa ruwan yankin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, aka buga a mujallar masana, kuma a ƙarshen rubutun ta gode masa. Shafin godiyar nan ya sa aka yi masa firam ya rataye a saman teburinsa. Turancin ciki bai gama fahimta ba, amma ya san layin da yake nasa.

Matarsa takan ce, "Ni kam da ni ce kwalbar nan da na ji daɗi. Kullum da ita kake fara gaisawa."

"Ita ai ba ta mayar da magana," in ji shi.

Ana nan sai ci gaba ya iso, a bayan mota, cikin kwalaye huɗu. Injin awo ne mai aika lamba hedikwata da kansa duk bayan minti goma, ba ya barci, ba ya zazzaɓi, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa. Manajan gona ya tara ma'aikata ya yi jawabi, ya ambaci ci gaba ya fi sau goma, har ya ce zamanin fensir ya wuce, alhali Mai Awo na tsaye gabansa da fensir a bayan kunne. Ka san manya in sun sami abin magana ba sa duban fuskar kowa. Masu girkawa suka dubi wurin tsohon ma'auni suka ce inuwa ta yi yawa, farantin sola na injin yana son rana. Sai suka kai shi can tsakiyar fili, taku arba'in daga wurin.

Inuwar kuwa ta mangwaro ce. Matarsa ce ta dasa shi a shekarar da suka zo, shekarar da ta haifi 'yarsu ta fari, yana ɗan tsiro iya gwiwa, taku goma daga ma'aunin. Yanzu ya zama ƙaton abu. A ƙarƙashinsa ma'aikata ke cin abincin rana, a nan take wanki, a nan yaransu shida suka girma.

Aka ce wa Mai Awo ya ci gaba da aikinsa zuwa ƙarshen damina, sannan a rufe littafi. Ya ce to. Ransa bai yi daɗi ba, amma shi ba mutumin gardama ba ne, kuma saura masa wata takwas ya yi ritaya.

Ruwan farko, ya sami milimita talatin da huɗu. Ya leƙa kwamfutar ofis, inji ya ce arba'in da biyu. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ga ci gaban naku nan," ya ce wa akawu. "Ko fara aiki bai yi ba ya fara ƙari."

Ruwa na biyu, nasa goma sha bakwai, na inji ashirin da ɗaya. Na uku ma haka, na huɗu ma haka, kullum injin ne a sama. Tun yana dariya har ya daina, domin ya san kayan awo: abin da ya lalace hauka yake yi, yau sama gobe ƙasa. Wannan kuwa ba hauka yake ba, hanya ɗaya yake bi.

Wata Alhamis da rana hadari ya taso yana dawowa daga rumbun iri. Iska ta zo da ruwa a karkace, kamar da bakin ƙwarya. Ya ruga ya tsaya jikin wayar ma'auninsa, don nan ne ya saba fakewa. Yana tsaye yana kakkaɓe riga sai wani tunani ya faɗo masa. Me ya sa yake fakewa a nan? Ya dubi fili, ruwa na dukan injin ba ji ba gani. Ya dubi nasa mazurarin, ruwan na sauka a kai a hankali, rabinsa mangwaro ya tare ta inda iskar ke fitowa. Shekara nawa yana gudowa nan ya ɓuya wa ruwa, a daidai wurin da aka ajiye shi ya auna ruwa.

Ya shiga ofis, ya tono ɗan littafin ƙa'idoji da aka ba shi ranar da ya kama aiki. Shafi na huɗu: nisan ma'auni daga kowace bishiya ko gini ya zama aƙalla ninki biyu na tsayinta. Ya san layin nan, ya haddace shi tun yana saurayi. Ranar da aka dasa mangwaron ma ya auna, ya ga ba laifi. Bai sake aunawa ba. Duk shekara yakan sa a datse reshen da ya leƙo saman mazurari, yana ganin ya cika ƙa'ida. Kuma shekara ashirin ke nan rabon da wani mai duba aiki ya tako gonar. Ashe ba ruwa ne ke raguwa ba, bishiya ce ke girma.

Kamar ta sani, washegari Dakta ta kira shi a waya.

"Baba, injin nan naku ya dame ni. Ran Laraba zan zo in duba shi. In ya ƙi, sai mu mayar wa kamfani kayansu. Ni da lambobinka na yarda."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya ce Allah ya kawo ta lafiya, ya ajiye waya, ya daɗe yana kallon kabad.

Gaskiya ita ce, tunanin yin shiru ya zo masa. Wa zai sani? Wata takwas ne, ya tafi da sunansa fes. Amma tunanin bai kai la'asar ba ya ji kunyar kansa. Mutumin da ya taɓa tafiya da zazzaɓi yana dafa bango don kada a sami rana ɗaya babu lamba, shi ne zai bari a ɗora wa inji laifinsa? Zai faɗa mata. Sai dai ba zai tare ta da baki kawai ba. Shi abin da aka koya masa, in gilashi ya tsage ka sake shi, in mazurari ya toshe ka wanke shi, sannan ka kai rahoto. Ba a kai wa na sama matsala sai an gyara ta.

Da ya gaya wa matarsa zai sa a sare mangwaron, tana tsinke zare a bakin keken ɗinki, ba ta ɗago ba.

"Malam, wasa kake yi."

"Ba wasa ba ne. Shi ya ɓata mini aiki."

"Shi ya je ya same ka? Yana tsaye inda muka ajiye shi. A ɗauke kwalbar mana, ba ta fi sauƙin ɗauka ba?"

"Ba a matsar da ma'auni. In ya matsa, littafi ya yanke."

"To ka jira ita Daktar ta zo ta gani."

"In tsaya mata a gaba da ɓarnar a tsaye, kamar ban san aikina ba?"

Ta dube shi ta ce, "Ni dai na faɗa maka, ka jira." Ta koma kan ɗinkinta.

Ran Litinin mai yankan itace ya zo da injinsa. Ma'aikata suka fito suna salati, manaja ya ce tunda don inganta aiki ne shi ba ruwansa. Kafin azahar an gama. Matarsa ba ta leƙo ba, kekenta kawai ake ji yana gudu. Da ya shiga gida ya tarar da abincinsa a rufe, ita kuwa ta juya masa baya. Shi ma ya ji zafin abin, amma yana ganin kuɗin gaskiya ne ya biya.

Dakta ta iso ran Laraba da hantsi, ita ke tuƙa kanta, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Mace ce 'yar shekara arba'in, mai saurin magana, ba ta taɓa zuwa gonar ba sai yau. Bayan gaisuwa bai bari ta nufi injin ba. Ya kai ta wurin ma'auninsa, ya cire hula, ya faɗa mata komai tiryan-tiryan: shafi na huɗu, taku goma, ruwan ran Alhamis. Ya ce injin ba shi da laifi, laifin nasa ne.

Ya zaci zai ga ɓacin rai. Sai ya ga idonta ya buɗe kamar an yi mata albishir.

"Ikon Allah. Shi ya sa tashoshin maƙwabta ba su nuna raguwar kamar taku ba. Baba, wannan ai abu ne mai gyaruwa. Ina bishiyar take?"

Ya matsa gefe ya nuna mata kututturen. Har ya share garin katakon, ya yi wa wurin fes.

"Na riga na gyara, Dakta."

Ta dubi kututturen, ta dube shi. Ta sauke jakarta a hankali ta zauna a kan kututturen.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Ruwa nawa ka auna tare da injin, bishiyar na tsaye?"

"Tara."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta buɗe, muryarta a ƙasa take, ba faɗa a ciki. Ta yi masa bayani yadda zai gane. Da bishiyar na nan, sai a bar ma'aunai biyun su yi aiki tare damina uku. Sai a san daidai nawa take tarewa in iska ta zo ta nan, nawa in ta zo ta can, nawa in yayyafi ne. Daga nan a bi girmanta a koma baya shekara-shekara, a mayar wa kowane littafi ruwan da aka tare masa. Ruwa tara ba su isa a yi wannan lissafin ba.

"Mu kuskure ba cire shi muke fara yi ba, Baba. Auna shi muke yi tukuna. Injin nan ma wata rana wani zai zo ya gano inda yake karkacewa, ya auna, ya gyara. Da haka abin ke tafiya gaba."

Ya kama wayar shingen.

"In an dasa wani a gurbinsa fa?"

"Sai ya shekara talatin kafin ya kai wancan."

"To rubutunki na mujalla?"

"Zan rubuta musu cewa na yi kuskure. Ni ma ya kamata in zo in ga wurin da idona kafin in buga komai, ban zo ba. Kada ka ɗauki nawa ka haɗa da naka."

Ya tambayi abin da ya fi tsoro, ta ba shi amsa ba tare da kwana-kwana ba. Ba za a zubar da littattafan ba. Na shekarun farko, lokacin da bishiyar ke ƙarama, suna nan da ƙarfinsu. Sauran za a ja musu jan layi a bango, a rubuta cewa ba a dogara da su ba. Ranakun da aka yi ruwa da waɗanda ba a yi ba, wannan zai yi amfani. Yawan ruwan kuwa ya tafi.

Suka koma ofis. Ya buɗe kabad ya sauko da su duka kan tebur, ya ce in dai za a ja layin, shi zai ja da hannunsa. Ta miƙa masa jan biro. Sai suka tsaya: daga wanne za a fara? Ana son shekarar da tsayin bishiyar ya wuce taku biyar. Ya yi ta juya abin a ka, bai sani ba. Ya san ruwan da aka yi ranar sunan kowane ɗa nasa, amma bai taɓa ɗaga kai ya dubi mangwaron ba.

Matarsa ce ta shigo da ruwan sha a faranti don baƙuwa. Kwana biyu ke nan ba ta yi masa magana ba. Ta ajiye farantin, ta gaida Dakta, ta ji abin da suke nema, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Shekara ta tara," ta ce. "A shekarar ya kamo tankin ruwan gona, shi kuwa tsayinsa taku biyar ne. Ina goyon na huɗu."

"Kin tabbata, Mama?" in ji Dakta.

"Ni na dasa shi."

Mai Awo ya ware takwas ya mayar kabad. Ya jawo na tara, ya ɗora rula don kada layin ya karkace, ya ja. Saura ashirin da biyu.